Riga mai kama jiki ta ƴan wasa: yadda ake zaɓenta da yadda ake kula da ita

 Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ya fita da sassafe wajen filin wasa na Seyni Kunce a Yamai, ya ga wata irin riga da samari suke yayi a yanzu. Riga ce mai santsi, mai miƙewa kamar roba, wadda ke manne wa jiki tun daga wuya har ƙugu. Ƴan kokowa suna sa ta wajen horo. Masu damben zamani da judo da tekwando suna sa ta. Masu gudun safe da masu ɗaga ƙarfe ma ba a bar su baya ba. Har a ƙauye, in ƴan ci-rani suka dawo, da wuya a rasa guda cikin tsarabarsu.

Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne wani abu da ya faru a gidanmu. Ɗan ƙanena, yaro mai shekara 17, yana zuwa horon kokowa da maraice. Wata rana ya ari irin wannan riga wurin abokinsa, ya yi wasa da ita, ya kwana da ita. Kafin mako biyu sai ga makero ya fito masa a kafaɗa. Kafin wata ya cika, ƙannensa biyu da suke kwana tabarma ɗaya da shi sun ɗauka. Kuɗin maganin da uban ya kashe sun fi kuɗin sabuwar riga. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mu kam mun ga har cuta yana kawowa.

Don haka ya kamata mu san wannan riga: daga ina ta fito, mene ne amfaninta, yaya ake zaɓenta, yaya kuma ake wanke ta.

Asalin rigar

Ba a auduga ake yin ta ba. Zarenta na masana'anta ne, akasari daga sinadaran man fetur ake sarrafa shi. Iri uku ne ake haɗawa. Na farko nailan, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1935. Na biyu poliyesta, wanda wasu masana biyu suka fito da shi a Ingila a 1941. Na uku, wanda shi ne sirrin rigar, sunansa elastan. Wani masani mai suna Joseph Shivers ya gano shi a 1958, yana aiki da kamfanin DuPont na Amurka. Wannan zare ana iya jan shi har ya ninka tsawonsa sau biyar, a sake shi ya koma yadda yake. Shi ke sa riga ta kama jiki, ta bi mutum duk inda ya juya.

Waɗanda suka fara sa irin wannan riga su ne masu wasan hawan igiyar ruwa a bakin teku, a ƙasashe kamar Ostareliya. Allon da suke kwanciya a kai, da yashi, da ruwan gishiri, suna kurje musu ƙirji. Sai suka nemi riga mai tsare fata, wadda ba ta nauyi in ta jiƙe. Daga nan masu kokowar jiyu-jitsu ta ƙasar Birazil suka ɗauka, domin wasansu na birgima ne a kan shimfiɗar roba, jiki da jiki. A yau dokar babbar ƙungiyarsu ta duniya ta tilasta sa ta a gasar da ake yi ba da kayan gargajiya na wasan ba. Dole ta kama jiki, ta rufe har ƙugu, kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 na launinta ya nuna matsayin ɗan wasa. A 1996 kuma wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka, Kevin Plank, ya kafa kamfanin Under Armour, bayan ya gaji da rigar auduga mai jiƙewa sharkaf da zufa. Wannan na cikin abin da ya yaɗa rigar ga sauran ƴan wasa.

Mu a Nijar, wasannin ƙarfi ba baƙonmu ba ne. Tun 1975 ake gasar takobin kokowa ta ƙasa. A Tawa aka fara ta, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Isaka Dabore ya kawo mana lambar tagulla ta dambe daga wasannin Olimpik na Munik a 1972. Abdul Razak Isufu Alfaga ya samu lambar azurfa ta tekwando a Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu a 2017. Sai dai a lura: ɗan kokowar gargajiya da ɗan damben gargajiya ba su shiga fage da riga. Namiji mai gasar judo ma ba ya sa komi ƙarƙashin rigar wasansa, mace ce ke sa farar riga a ciki. Ashe wannan riga, ga yawancin samarinmu, ta wajen horo ce da motsa jiki, ba ta ranar gasa ba.

Abin da take yi da abin da ba ta yi

Mai talla ba ya faɗin aibin kayansa. Saboda haka mu rarrabe tsakanin gaskiya da daɗin baki.

Ga abin da take yi:

1. Tana tsare fata daga kurjewa. Wanda ke faɗuwa kan yashi ko shimfiɗar roba, gwiwar hannunsa da kafaɗarsa suna saluɓewa. Ta wannan ƴar kafa ƙwayar cuta ke shiga.

2. Tana rage haɗuwar fata da fata tsakanin abokan wasa.

3. Ba ta riƙe zufa. Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, ta manne wa mutum da sanyi. Wannan kuwa tana jawo zufa waje, iska ta busar da ita da sauri.

4. Ba ta da lafe-lafen da yatsa zai maƙale a ciki. Babbar riga takan kama yatsan abokin wasa, ya gurɗe ko ya karye.

5. Wadda aka rubuta wa UPF 50 tana tare kusan kashi 98 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata. Wannan yana da amfani ƙwarai ga zabiya da masu fata mai saurin ƙuna.

Ga kuma abin da ba ta yi. Ba ta ƙara wa mutum ƙarfi. Masu bincike sun gwada tufafin matsi sau da yawa. Abin da aka fi samu shi ne suna iya rage tsamin jikin da ke biyo bayan aiki mai wuya, amma wajen ƙarin gudu ko ƙarfi, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ba ta narkar da kitse, ba ta rage tumbi, ɓoye shi kawai take yi har a tuɓe ta. Ba ta warkar da targaɗe ko ciwon baya. Ba ta tsare haƙarƙari daga naushi. Ga mata kuma, ba ta maye gurbin rigar mama ta wasa. Wadda ake cewa an sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta a zarenta ma, ba ta tsira daga wanki ba. Ƙarfi yana wurin abinci mai gina jiki, da barci isasshe, da horo a kai a kai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Cututtukan fata na masu wasan jiki da jiki

Kada a ɗauka wannan ƙaramin zance ne. A shekarar 1989, a jihar Minesota ta Amurka, yara ƴan makaranta 175 suka taru a wani sansanin horon kokowa. Guda 60 daga cikinsu suka kamu da wata cuta mai fito da ƙuraje masu ruwa a fuska da wuya, wadda kan shafi ido. A 2007 wannan jiha ta dakatar da kokowar ƴan makaranta gaba ɗaya har kwana 8 saboda cutar ta sake ɓulla. In haka ta faru inda ruwa da sabulu suke a wadace, ina ga wurin da ƴan wasa goma ke goge jiki da tsumma ɗaya?

Cututtukan da ya kamata ɗan wasa da iyayensa su gane su ne:

Makero. Yana fitowa kamar zobe, bakinsa ya ɗan tashi, tsakiyarsa ta yi fari-fari, yana ƙaiƙayi. Wata irin ƙwayar cuta ce dangin funfuna, mai son ɗumi da laima. Ana ɗaukar shi daga mutum, daga tufa, daga tabarma. Makiyaya su sani ana ɗaukar shi daga dabba ma: maraƙin da ka ga gashi ya zube masa a zagaye wajen ido da wuya, wurin ya yi toka-toka, yana iya shafa wa mai kiwonsa. Saurayin da ya rungumi maraƙi da rana, ya rungumi abokin kokowa da maraice, ya zama gada tsakanin garke da fage. Na jiki ana shafa masa maganin da likita ya bayar, mako 2 zuwa 4, ko da ya ɓace kafin nan. Na kai kuwa shafawa ba ta isa, sai an sha magani.

Maruru da gyambo mai mugunya. Ƙwayar da ke kawo su tana zaune a fatar mutane da yawa ba tare da cutarwa ba, sai ta samu kafa. Kada a matse. In wurin ya kumbura, ya yi zafi, ko zazzaɓi ya zo, a nufi gidan likita ran nan.

Ƙazwa. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani sosai. In ta shiga gida, duk mutanen gidan ake yi wa magani lokaci ɗaya. Tufafin da ba su wankuwa da ruwan zafi, a ƙulle su cikin leda aƙalla kwana 3.

Gargaɗi biyu. Na ɗaya, kada a sayi man shafawa na ƴan tebur don makero. Da yawa daga cikinsu, da man sauya launin fata, suna ɗauke da maganin da ke kwantar da ƙaiƙayi amma yana ƙara wa cutar faɗi. Na biyu, riga ba ta ɓoye cuta don a ci gaba da wasa. Mai ƙurji ya zauna gefe har likita ya sallame shi. Mai horar da yara ya riƙa duba wuyansu da hannuwansu kafin a fara. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kiyaye haƙƙin sauran ne.

Yadda ake zaɓen ta ƙwarai

*A karanta ɗan ƙyallen bayani.* Kowace riga tana da ɗan ƙyalle da aka ɗinka a wuya ko a gefe daga ciki. A nan aka rubuta irin zaren da yawansa. Za ka ga polyester, ko nylon, ko polyamide, wanda shi ne nailan ɗin da wani suna. Sannan ka ga élasthanne, ko spandex, ko Lycra, duk abu ɗaya ne. Yawancin masu kyau suna da kashi 80 zuwa 90 na poliyesta ko nailan, da kashi 10 zuwa 20 na elastan. In elastan ya yi kaɗan ƙwarai, rigar ba za ta kama jiki ba. Nailan ya fi laushi, ya fi jure gogayya. Poliyesta ya fi saurin bushewa, ya fi riƙe launi, sai dai ya fi riƙe wari.

*A san awon jiki.* Ka je wurin tela ya auna maka faɗin ƙirji da santimita, ka rubuta ka ajiye. Haruffan da ke nuna girma su ne S ƙarama, M matsakaiciya, L babba, XL babba ƙwarai. Amma kowane kamfani da nasa awo. Waɗanda aka ɗinka don kasuwannin Asiya sukan fi na Turai da Amurka ƙanƙanta, ko da harafin ɗaya ne. Saboda haka kada ka dogara da harafi kaɗai.

*A gwada.* Sai an gwada akan san na ƙwarai. In ka sa, yi waɗannan abubuwa huɗu. Ɗaga hannuwa sama: in cibiya ta fito, ta yi gajarta. Duƙa ka taɓa ƙasa: in baya ya buɗe, ta yi gajarta. Ja dogon numfashi: in ƙirji bai buɗe sosai ba, ta yi matsi. Sa yatsa biyu a wuyanta da bakin hannunta: in ba su shiga ba, ta yi matsi. Riga ta ƙwarai tana kama jiki kamar fata ta biyu, ba ta shaƙe mutum. Wadda ta bar shaida a fata, ko ta sa hannu ya yi nauyi, ko yatsu suka riƙa mutuwa, a tuɓe ta nan take. In kuma ta yi sako-sako har ana iya damƙarta, to amfaninta ya tafi.

*A duba ɗinki.* Juya ta ciki waje. Ɗinki mai kyau a kwance yake, shimfiɗe, da layukan zare da yawa, ba shi da tudun da zai goge fata. Ja shi a hankali wajen hammata da kafaɗa, nan ne riga ke fara yagewa. In ka ji zare yana tsinkewa, ajiye ta. Wasu suna da ɗan zirin roba a gindi daga ciki, mai hana riga naɗewa sama. Wannan ya dace da masu birgima.

*A duba kaurin yadi.* Sa hannu ciki ka miƙe yadin wajen haske. In kana ganin yatsunka sarai, ko launin ya koma fari-fari, yadin ya yi sirara, ba zai jure kokowa ba. Sake shi kuma ka gani: in bai koma daidai nan da nan ba, robarsa ta mutu.

*A duba zane.* Zanen da aka shigar cikin zaren, in ka shafa ba ka jin tudunsa, ba ya ɓarewa. Wanda aka liƙa a sama kamar leda yana tsagewa, yana kuma hana iska shiga.

*A guji ƙarfe.* Rigar wasan jiki da jiki ba ta da zif, ba maɓalli, ba aljihu. Waɗannan suna yankan abokin wasa.

*Dogon hannu ko gajere?* Mai faɗuwa ƙasa, dogon hannu ya fi masa, don gwiwar hannu. Mai gudu ko ɗaga ƙarfe, gajere ya ishe shi. Mai horo cikin rana ya zaɓi launi mai haske, domin baƙi yana jan zafi. Akwai kuma masu gashi-gashi daga ciki, waɗanda aka yi don sanyin ƙasashen Turai. Suna cika dilolin gwanjo. Da hunturu suna da amfani, da bazara kuwa wahala ce.

*Ta gwanjo.* Ba laifi a saya, sau da yawa ma ta fi sabuwar jabu ƙarko. Amma a shinshina, a miƙe ta a saurara. In ta yi ƙara kamar busasshen ganye, ko ƙananan fararen zaruruwa sun leƙo, ta gama aiki. Araha ba ta ado. Kuma kada a sa ta sai an wanke.

Wanda ke horo kullum, biyu masu sauƙin kuɗi sun fi masa guda mai tsada: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya.

Wanki da ajiya

A kan ɗan ƙyallen nan akwai wasu alamu da ko wanda bai iya Faransanci ba zai gane. Hoton kwano da lamba 30 yana nufin kada zafin ruwa ya wuce digiri 30, wato ruwan randa ko na rijiya. Kwano da hannu a ciki, a wanke da hannu. Alama mai kusurwa uku da aka soke da gicciye, kada a sa ruwan jabel. Hoton dutsen guga da aka soke, kada a goge.

Ga ƙa'idodin:

1. A wanke ta duk ranar da aka sa. Ko sau ɗaya aka yi zufa a ciki, ta ƙazantu. Wani bincike da aka yi a jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam a 2014 ya nuna rigar poliyesta ta fi ta auduga wari bayan motsa jiki, domin wasu ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a kanta.

2. Kada a cusa ta jiƙe cikin jaka ko leda ta kwana. In wanki ba zai samu nan take ba, a ɗauraye a rataye.

3. A juya ta ciki waje, domin dauɗar tana gefen da ya taɓa fata. A kaɗe yashi tukuna. Yashin da ya maƙale cikin yadi yana cin zare kamar zarto.

4. A sa sabulu kaɗan, a cuɗa da hannu a hankali, a mai da hankali ga hammata da wuya. Kada a buga ta kan dutse ko turmi, kada a dirje ta da buroshi. A ɗauraye har kumfa ta ƙare, domin ragowar sabulu tana riƙe wari, tana sa ƙaiƙayi.

5. Kada a murɗe ta wajen matsewa. A dunƙule a danna tsakanin tafin hannu.

6. Ruwan jabel yana cinye elastan. Ruwan ƙamshin nan mai sa tufa laushi kuma yana toshe ƙofofin yadi, zufa ta kasa fita. In wari ya ƙi tafiya, a jiƙa ta rabin awa cikin ruwa da ɗan farin binega, sannan a wanke.

7. Kada a haɗa ta da tufa mai zif ko mai ƙaya-ƙayar liƙawa, irin ta safar dambe. Suna tsefe ta.

8. A shanya a igiya. Rana mai tsanani tana kashe roba, tana cin launi, don haka hantsi ya isa, da ta bushe a ɗauke. Kada a shimfiɗa ta a ƙasa ko kan yashi. A Afirka ta Yamma akwai wani ƙuda mai yin ƙwai a ƙasa mai inuwa da tufafi masu laima, musamman da damina. Tsutsarsa tana shiga fata ta yi kamar maruru. Guga ce ke kashe ƙwan, wannan riga kuwa ba a goge ta, saboda haka igiya da hasken rana su ne kariyarta.

9. A naɗe ta a ajiye inda ba laima. Kada a bar ta rataye a ƙusa, tana miƙewa ta huje.

Akwai wuri ɗaya da ya kamata a saɓa wa ɗan ƙyallen. Ruwan sanyi ba ya kashe ƙwayar makero duka, sai mai zafin digiri 60, wato wanda hannu ba ya iya daɗewa a ciki. In mai riga ya kamu, a wanke ta da irin wannan ruwa, ita kaɗai, ko da robarta za ta rage ƙarfi. Riga ana sayen wata, lafiya kuwa uwar jiki ce.

A kiyayi wuta. Auduga in ta ƙone toka take zama. Wannan narkewa take yi kamar leda, ta manne wa fata, ƙunar ta yi zurfi. Kada a sa ta wajen murhu, ko maƙera, ko walda, ko ƙona sabra. Mai dafa shayi ya kula da tartsatsin gawayi.

Mai riga ma sai ya wanku. Da an tashi daga horo a yi wanka da sabulu, a goge jiki da tsummar kai, a sa busasshiyar tufa. A yanke farce. Shimfiɗar da ake wasa a kai a riƙa goge ta da ruwan jabel da aka surka, domin nan ne wurin aikinsa.

Riga da zafin bazara

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai. Babu rigar da ke maganin wannan. A yi horo da asuba ko bayan rana ta yi sanyi. A sha ruwa kafin a fara, da lokacin hutu, da bayan an gama. Fitsari in ya yi ja-ja kuma kaɗan, jiki yana neman ruwa. Wanda ya zubar da zufa da yawa yana iya shan haɗin nan da muka sani: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wasu samari suna sa leda ko rigar ruwa a ƙarƙashin kayan wasa, wai don su rage nauyi. Wannan ganganci ne. Abin da ke fita ruwa ne, ba kitse ba. A ƙarshen shekarar 1997, cikin ƴan makonni, ɗaliban jami'a uku ƴan kokowa suka mutu a Amurka suna ƙoƙarin rage nauyi da gaggawa ta hanyar matse zufa da ƙin shan ruwa. Bayan haka hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta hana sa rigar roba don wannan aiki.

In ɗan wasa ya fara jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa, a tuɓe masa matsattsiyar riga, in ta ƙi fita a yanke ta. A zuba masa ruwa a jiki, a yi masa fifita. In yana cikin hankalinsa a ba shi ruwa ya kurɓa. In ba ya cikin hankalinsa kada a ɗura masa komi, a gaggauta kai shi gidan likita ana ci gaba da sanyaya shi.

Mai ciwon asma, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, da mace mai ciki, su nemi shawarar likita kafin su sa tufa mai matsi. Yaro mai girma kuma a riƙa duba rigarsa, domin ta bara ba lallai ta yi masa bana ba.

Iyaye, ku riƙa tambayar ƴaƴanku inda suka samo rigar da suka shigo da ita, ku duba bayansu da wuyansu. Masu horarwa, ku sa doka a fagenku: kowa da rigarsa, kowa da tsummarsa, mai ƙurji ya huta. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai samu gani ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.